Takardu Bakwai a Tsagar Katanga

Tun ina ƙarama mahaifiyata ta koya mini ba a tsallake takarda. In kika ga mai rubutu a ƙasa, ki duƙa ki ɗauka, ki kaɗe mata ƙura, ki nemi tsagar katanga ko jikin zana ki soke ta, don ba ki sani ba ko da sunan Allah a ciki. Ita ba ta iya karatu ba, ni ma a lokacin ban iya ba, saboda haka duk abin da iska ta kwaso girmama shi muke yi. Har wata mai hoton tayar mota na taɓa sokewa, yayyena maza suka wuni suna yi mini dariya. Da wannan ɗabi'a aka kawo ni gidan Malam, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, na kuwa tarar da katangar da ta dace da ni. Tsakanin madafi da ɗakina akwai wata tsaga doguwa daidai kafaɗata. Duk shekara a yaɓe ta, duk shekara ta sake buɗewa.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Asabar da Lahadi bayan la'asar muke zuwa, mu zauna a bencin 'yan firamare gwiwoyinmu suna dukan tebur. Ba ni da saurin ɗauka, amma ba na fashi. Kalmar da idona ya fara riƙewa ita ce sunan Allah: babban baƙi mai ƙafa biyu a gaba, sanduna biyu a tsaye a tsakiya. Tun ban iya haɗa komai ba, wannan ko a cikin cunkoson rubutun hannu nakan hango ta.

'Ya'yana huɗu ne suka rayu. Maza biyu suna Kano suna neman abinci. Mata biyu, ta fari da auta. Ta farin ban taɓa kiran sunanta ba. In ina son ta zo sai in ce "ke", ko in ce da wani ya kira mini waccan. In ta faɗi ta fasa gwiwa a gaban mutane, kau da kai nake in ci gaba da tankaɗe. Haka aka yi mini, haka na yi mata, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina ko akwai wata hanya ba.

An aurar da ita Gagarawa. Ta shekara huɗu babu haihuwa, a ta biyar ta samu ciki, aka kawo ta gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta kwana biyu. Ranar ta uku da hantsi jini ya ɓalle, aka samo mota za a kai ta asibiti Gumel. Ƙanwar Malam ta shiga, auta ta shiga ta ɗora kan yayarta a cinya. Ni ban shiga ba. Mata sun cika gidan, uwar 'yar fari kuma ba ta gaba-gaba a irin wannan. Na tsaya gindin turmi. Ba su kai Gumel da ita ba, kafin azahar motar ta dawo. Allah ya jiƙanta. Da mata suka zo yi mini gaisuwa na faɗi abin da ake faɗa, na ce wanda ya fi mu sonta ya karɓi abarsa. Auta tana zaune a bakin ƙofa tana kallona.

Bayan arba'in auta ta koma kwaleji a Gumel, inda take karatun koyarwa. Takan zo ranar Juma'a da yamma ta koma Litinin da safe. A nan ne na fara tsintar takardu. In na shiga share ɗakin da take kwana, sai in ga ɗaya a bayan ƙofa an dunƙule ta, irin wadda ake yagowa daga littafin makaranta. In warware, in hango sunan Allah sau biyu ko uku, in ce a raina yaran yanzu ba su da kula, in miƙar da ita a cinyata in kai tsaga in soke. Na ɗauka darasin addini ne take bita. Har daɗi nake ji, ina cewa rashin nan ya ƙara mata riƙo da addini. Rubutunta ƙanana ne a manne da juna, ban taɓa gwada karantawa ba. Daga kaka zuwa bazara na soke guda bakwai.

Wata Alhamis da safe Malam yana shirin kai tumaki kasuwar Maigatari, sai ya tsaya ya dubi katangar ya ce jibi zai kwaɓa ƙasa ya yaɓe ta kafin ruwa ya sauka, in tara masa takardun ya ƙona su a wuri mai tsarki. Shi Malam ya yi firamare har ya gama, kuma ba ya ƙona takarda sai ya karanta ta, ko da ta maganin sauro ce. Da ya fita na zaro su duka, na zauna gindin darbejiya. Babu abin da na nufa illa in gwada karatuna, tunda malamarmu ta ce mu riƙa karanta duk abin da muka samu.

Na ɗora yatsa a layin farko na ta sama. Na daɗe ina haɗawa. Abin da ya fito shi ne: "Idan Allah yana ji, to ya ji ni a cikin motar nan. Tun daga ƙofar gida ban rufe bakina ba."

Karatuna na fara zarga. Na ce lalle na tsallake wani baƙi, ko na juya wani. Na koma farko sau uku, abin bai sake ba. Na ɗauki ta biyu. "An ce ya fi uwa tausayi. Wace uwar?" Ta uku ta fi tsawo, a ƙarshenta ta rubuta: "Ko dai babu kowa ne a can? Ko muna ta magana ne mu kaɗai, kamar mai waya a inda ba sabis?" Wannan na karanta ta da baki, a hankali, irin yadda muke yi a aji, sai da maganar ta fito daga bakina na ji abin da na faɗa. Na waiga. Babu kowa sai akuya. Na yi istigfari na tofar da yawu.

Ta ƙarshe da na iya karantawa a ranar, ni ce a ciki. "Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce Allah ya fi mu sonta, ta koma daka. In ma yana nan, wataƙila shi ma haka yake."

Na zauna da takardun a cinya har inuwa ta bar ni. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ita yarinyar zubarwa ta yi. Ta rubuta, ta dunƙule, ta jefar, da an bar shara ta tafi da su da shi ke nan. Ni ce na bi su ɗaya bayan ɗaya na miƙar, na adana su a inda ubanta zai sa hannu jibi. Yanzu kuma ga su a hannuna. Ba zan iya watsa su a bola ba, da sunan Allah a jiki. Ba zan iya cusa su a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo ba. Ba zan mayar da su tsaga ba. Na naɗe su a tsohon ɗankwali na tura ƙasan kwalla, na kife wata kwallar a kai.

Da Malam ya dawo ya tambaya, na ba shi tsofaffin takardun da na tsinta a hanya. Ya juya su ya ce ai da ya ga wasu farare masu layi. Na ce waɗancan zan binne su a gona in an fita binnen iri, na ji an ce binnewa ta fi ƙonawa. Ya dube ni ya daɗe.

"Tun yaushe kika fara ba da fatawa a gidan nan?"

Na ce a aji na ji. Da zai shiga ɗaki na ga ya sake duban tsagar.

A satin aka ba su dogon hutu, auta ta dawo gida da jakarta. Daga ranar na zama abin da ban taɓa zama ba. Na sa mata ido.

Da buta na fara. Kafin azahar sai in cika ta in lura da inda ruwan ya tsaya, in ta fito daga bayan ɗaki in bi in ɗaga butar in ji nauyinta. In duba ƙasa, ta jiƙe jiƙewar alwala ko dai zubarwa aka yi a wuri ɗaya. Ƙasarmu rairayi ce, wanda ya yi sujada a tsakar gida sai ya tashi da ita a goshi, to nakan nemi dalilin da zan matso kusa in dubi goshinta. Akwai rairayi. Sai zuciyata ta ce ai kowa zai iya kai goshi ƙasa. Na koma kallon leɓenta in tana tsaye a kan darduma, yana motsi ko ba ya yi. Yana yi. To me take faɗa? Ranar da ta ce tana fashin salla na shiga ƙirga kwanaki da yatsu, da ta kai bakwai ba ta yi wanka ba sai na kasa cin abinci, washegari ta yi wanka ta yi salla, na rasa murna zan yi ko kuwa ta lura ne ina ƙirgawa.

Har tarko na ɗana mata. Sai in ce an haihu a gidan wane, in saurara in ji ko za ta ce masha Allah. Takan ce. In ta yi atishawa takan yi hamdala. In za ta ci abinci takan yi bisimilla. Amma waɗannan baki ne ya saba, ko a barci aka tashe ni zan faɗe su. Duk alamar da na samu sai ta zama mai fuska biyu. Wayarta kuwa na tsane ta. In na ga ta sunkuya a kanta sai in ji kamar wani ne a ciki yake yi mata raɗa. Na zargi kwalejin, na zargi ƙawayenta da ban sani ba, na zargi direban motar da ke ɗauko su ranar Juma'a, bawan Allah da bai taɓa ce mini komai ba sai sannu.

Wata la'asar muna salla a jere, ni ina satar kallon yatsanta a wurin tahiya, sai na rasa raka'a ta nawa nake. Na sallame ban sani ba uku na yi ko huɗu. Na zauna a kan dardumar na ce, to ke mai tsaron sallar wani, taki fa wa yake tsare miki?

Na so in tambayi wani. Ranar Lahadi bayan an tashi na tsaya ina taya malamarmu goge allo, mace ce mai ilimin addini, na ce wata ce a garinmu ta ce in tambayar mata, wai mutum in ya yi rashi sai tunani ya riƙa zo masa ko ana jin addu'arsa, ko ma akwai mai ji. Malama ta ce waswasi ne, ba a biye masa, a nemi tsari a tashi a kama wani aiki, kuma ƙyamar da mutum yake ji game da tunanin ita kanta alama ce mai kyau. Sannan ta ajiye tsumman ta dube ni da tausayi ta ce, ita matar ba ta daɗe da rasa 'ya ba ko? Na gane ni take nufi. Na buɗe baki zan ce ba ni ba ce, sai na ga in ba ni ba ce za ta tambayi wace ce. Na bar ta da zatonta. A hanyar gida ina ta juya maganarta ta ƙyama. Ni ban ga ƙyama a takardun ba. Fushi na gani.

Malam ma ba makaho ba ne. Wata safiya yana shan koko auta ta tafi rijiya, ya ce yarinyar nan ta yi shiru da yawa. Ya ce a kasuwa yana jin yadda yara suke ɗauko maganganu a waya da makarantu, wasu har su raina salla. Ya ce in ya ga wata alama ko ƙanƙanuwa, ta gama zuwa Gumel, ta zauna a gabansa.

"Na binne ɗaya," in ji shi. "Ba zan zuba ido ɗayar ta lalace ba. Ke kin ga wani abu?"

Na ce yarinya ce ta yi rashi, a cinyarta aka cika. Ba ƙarya na yi ba. Amma na san abin da ke ƙasan kwalla, na kuma san in aka cire ta daga makaranta a kan wannan, gari zai tambayi dalili, kuma in dalilin ya fita babu mai sake shan ruwa a hannunta. Sannan wadda aka tsare a ɗaki da irin wannan tambaya a ciki, ban ga yadda tsarewar za ta amsa mata ba.

Da hadari ya fara nuna kansa ta gabas yana watsewa, Malam ya ce a fita binne. A wajenmu ba kullum ake jiran ruwa ba. Akan sa irin gero a busasshiyar ƙasa a rufe, ya kwanta yana jira, in ruwan farko ya sauka da ƙarfi ka riga kowa. In kuwa yayyafi ya yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone. Muka fita da sassafe mu uku. Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni da auta muna biye da ƙwarya, mu jefa iri mu rufe da diddige. Na ɗauro takardun a bakin zanena. Da rana ta ɗaga ya gama saran ya ce zai koma ya shayar da dabbobi, mu ƙarasa. Na bari sai da ya ɓace a bayan kalgo, na ce da ita mu sha ruwa a gindin aduwa.

Ban san yadda ake fara irin wannan magana ba. Na kwance bakin zane kawai na ajiye ɗankwalin a tsakaninmu na buɗe.

Ta dube su. Ba ta taɓa ba. Ta tambayi inda na samo, na gaya mata gaskiya, tun daga bayan ƙofa har tsagar katanga. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wato wata shida suna soke a tsakar gida, Baba yana wucewa ta gabansu."

Na ce haka ne.

"Kin karanta?"

"Huɗu. Sauran rubutun ya yi mini ƙanana."

"Shi ya sa ake auna mini buta," ta ce. "Inna, na ɗauka fa aljanu kike zargi. Ran nan har goshina kika shafa wai ƙuda ne. Kin gaya masa?"

Na ce da na gaya masa da ba ta nan zaune. Na tambaye ta wa ya koya mata wannan magana, a makaranta ne ko a waya. Ta ce babu wanda ya koya mata, a motar nan ta koya. Ta ce duk addu'ar da ta sani ta karanta, ta ƙare ta sake, har ta koma roƙo da Hausa, tana cewa ko zuwa ƙofar asibiti ne a bar mata ita. Ta ce tana ji jikin ya saki, ta ci gaba da roƙon har kusan mil guda don ba ta yarda ba.

Sai ta nuna gonar da haɓa. Ta ce in duba abin da muke yi tun safe. In ruwa ya zo za mu ce Allah ya ji mu. In bai zo ba za mu ce ya jarrabe mu. In ya zo ya ƙona irin za mu ce haka ya so. To da akwai mai ji da babu, ta yaya gonar nan za ta bambanta? Ta ce ba gardama take yi ba, so take wani ya nuna mata, ta fi kowa son a nuna mata.

Na dubi layukan da muka rufe, babu abin da ake gani sai sawun diddige. Na tambaye ta to sallar da take yi fa. Ta ce wata rana tana yi ne don kada in ji ciwo, wata rana don tsoro, wata rana kuma takan tsaya ne kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba ta san ko da mutane a ciki ba. Ta ce ba ta ce babu ba. Ta ce ba ta sani ba ne, kuma da ta sani.

Na ɗauki ta huɗun, wadda nake ciki, na miƙa mata. Ta kau da kai ta ce wannan ba don in gani ta rubuta ba.

A nan na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ranar da motar ta tashi da su, geron da ke turmin surfe aka ce in yi, na daka shi har ya zama gari ban sani ba. Da motar ta dawo na ji yadda aka kashe ta a ƙofar gida babu mai sauri, na gane. Kafin mata su taru na zagaya bayan rumbu na durƙusa. A nan na kira sunan yayarta. Sau ɗaya, da ƙarfi daidai yadda zan ji da kunnena. Shekara ashirin da uku sunan yana bakina ban taɓa fitar da shi ba, ranar da na fitar babu mai amsawa. Na ce mata ni ma a wurin na ɗaga kai na ce, kana gani kuwa? Ban rubuta ba ne kawai, don lokacin ban iya ba. Sannan na share fuska na dawo gindin turmi na faɗi abin da ake faɗa.

Auta ta sunkuyar da kai. Tana ta tona rairayi da tsinke.

Na ce mata ni ba malama ba ce, kuma Allah ba ya kama da kowa, ina neman gafararsa in na yi kuskure. Amma abin da na sani guda ne. Yayarta ta rayu ta mutu ba ta taɓa jin na kira ta ba, ta yi kuka a gabana na kau da kai, wanda duk ya gani daga waje zai rantse ba ni da ita a rai. Ita kanta autar da take cikin gidan haka ta rantse, ga shi a rubuce. To in shiruna ni, da take gani da ido kullum, ya ɓace mata haka, ina so ta ɗan dakata kafin ta yanke hukunci a kan shirun wanda ba ta gani.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Ke ai kina ajiye mata ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Duk mun sani, ita ma ta sani." Ta jefar da tsinken. "Shi me ya ajiye mata, Inna?"

Na ce ban sani ba. Na ce wannan ni ma jira nake in gani.

Na yi zaton za ta ce wani abu da zai kwantar mini da hankali. Ba ta ce ba. Ta tambaya yanzu me za a yi da takardun. Na ce binnewa, haka na gaya wa ubanta. Muka tona rami da hannu a gindin aduwar inda ba a takawa. Da zan sa su sai iska ta fizgi ɗaya ta yi cikin gona da ita. Auta ta tashi ta bi ta da gudu, ta kamo, ta kaɗe ta a jikin zanenta kafin ta miƙo mini. Na lura da kaɗewar. Na kuma lura ta ga na lura.

"Kada ki fara," ta ce. "Sabo ne."

Muka rufe ramin, muka koma muka ƙarasa layukan da suka rage.

Da yamma Malam ya tambaya ko an binne takardun, na ce an binne. Ya tambayi me ke cikinsu. Na ce yarinyar ce take rubuta abin da ya same ta a motar nan. Ya juya carbinsa, ya ce Allah ya jiƙan wadda ta tafi. Ban sani ba ko ya yarda da iyakar abin ke nan. Da hutu ya ƙare shi da kansa ya ɗora jakarta a babur ya kai ta bakin titi.

Ruwa ya zo bayan kwana tara. Rabin gonar ya tsiro, rabin da ke kan tudu ya ƙone, muka sake shuka shi.

Na daina ɗaga buta, amma ba zan ce idona ya daina zuwa goshinta ba. Yanzu ta gama kwalejin tana koyarwa a wata firamare ta wajen Sule Tankarkar, tana salla, tana azumi, ba mu sake tayar da maganar ba. Bayan damunar nan katangar ta sake tsagewa kamar kullum. Wata Litinin bayan ta zo gida ta koma makaranta ina wucewa da tsintsiya na hango farar takarda mai layi a can sama, inda hannuna ba ya kaiwa. Ba dunƙule ta aka yi ba, an ninke ta huɗu an soke da kyau. Ba ni na sa ba. Na jawo turmi na kife na hau, na taɓa gefenta da yatsa. Yanzu karatuna ya yi ƙwari, ko ƙananan rubutun ba sa gagarata.

Na tura ta ciki sosai yadda Malam ba zai hango ba, na sauko. Har yau ban sani ba don girman sunan da ke ciki ta soke ta, ko don ta san zan duba.